Maƙerar Baba Ta Yi Shiru

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baba, mahaifin maigidana, maƙerin ƙauyenmu a ƙasar Kiru, ya amsa kiran Ubangijinsa a ƙarshen bazarar bana, daidai lokacin da hadari ya fara haɗowa daga gabas, manoma suka fara zaro kayan aiki daga ƙarƙashin rumbu. Da hantsi aka kai shi makwancinsa. Kafin azahar gida ya cika har babu masaka tsinke, ni kuwa ina tsakanin murhu da tabarmar karɓar gaisuwa, ban san wanda ya fi buƙatata ba.

Wata tsohuwa ta zo daga Badafi, jikarta na riƙe da hannunta. Da ta gama addu'a sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar wuƙa da ta siraice saboda wasawa. Ta ce tun tana amarya ya ƙera mata, da ita ta yanka kuɓewar da ta ciyar da 'ya'ya da jikoki. Ta nuna mana, ta mayar ta ƙulle.

Washegari abokinsa Bafulatani ya iso daga wajen Doguwa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure ya ƙi, ya je ƙofar maƙera ya zauna a ƙasa, sandarsa a kafaɗa. Yara suka ce sun ji yana ta faɗa shi kaɗai: “Ka yi mini wayo, maƙeri. Kullum kai ne da cewa gobe, yau kuma ka riga ni.” Hawaye na bin gemunsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani manomi ne daga hanyar Bebeji. Bai ji rasuwar ba. Ya zo da garmarsa ɗaure a bayan babur don a koɗa masa, sai ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya, ya tashi, ya rasa yadda zai yi da garmar. Ƙarshe ya kwance ta ya jingina a bangon maƙera, ya tafi. Da mutane suka ga haka sai kowa ya kawo tasa. Kafin sadakar uku an tara fartanyu da garemani da sungumai a wurin. Kuma duk wanda ya ajiye, sai ya waiga ya dubi ɗana, wanda ya baro jami'a ya zo jana'izar kakansa, ya ce, “To, Allah Ya bar mana magaji.”

Wannan kallon ne ya hana ni sukuni, shi ne kuma ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da dogon rubutu tun ina sakandare.

Ba zan ambaci sunan Baba ba, surukina ne. Ba zan ambaci na yaron ba, ɗan farina ne, kuma sunan Baba aka sa masa, kunyar ta zama biyu. A gidanmu uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, Allah Ya ji ƙanta, a can ya girma, a bakin wutar kakansa. Baba yana ce masa Takwara. Ni ma a nan haka zan ce, tunda takarda ba ta da ido.

Baba dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsi. Ba ya hura wuta sai ya gama wuridinsa na safe, ko da sarkin noma ne ke jira. Da ƙarar masabarsa muke sanin lokaci a cikin gida. In ta fara, a ɗora koko. In ta ɗauke, an kusa kiran salla. Gawayin ƙirya kaɗai yake yarda da shi, yana cewa sauran gawayi na masu shayi ne. In wani ya zo yana azalzalarsa da cewa ai da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, sai ya ce, “Rabin maganar kuka riƙe. Ka tambayi tsawon zaman da ya yi a wuta kafin ya yi zafin.”

Ina amarya man ƙuli ya fallatsar mini a hannu. Na ɓoye don kunya, har wurin ya tashi. Shi ya lura da yadda nake miƙa masa kwano da hagu. Ya sa aka kira ni, ya yi mini tofi irin na maƙera, ya shafa wani abu mai sanyi, sannan ya ce da ɗansa, “Nawa ke nan. Ɗauke ta ka kai ta asibiti su ma su yi nasu.” Tun daga ranar yake ce mini 'Yar boko, wai na san karatu amma ban san cewa ciwo ba ya jin kunya ba. Sai bayan na haihu na koma Uwar Takwara.

Cikin 'ya'yansa ba wanda ya gaji ƙira. Maigidana, wanda shi ne babba cikin maza, shagon taki da maganin feshi gare shi a Kiru. Kullum in ya dawo ya durƙusa gaisuwa sai Baba ya ce, “Sannu da zuwa, mai kashe mini kasuwa. Yau gona nawa ka hana nema na?” Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Mutum ne da ba ya son doguwar magana, ko da a kan abin da ya dame shi ne.

Da Takwara ya gama sakandare ya ce ƙira da sarrafa ƙarfe zai karanta a jami'a, gidan nan sai da ya kwana biyu ba a gane wa juna ba. Mahaifinsa ya so ya yi harkar magani ko aikin gona. Mutanen gari suka samu abin dariya, har wani ya tare shi a masallaci yana tambaya ko digirin fartanya ya fi na lauje wuya. Baba kuwa ji ya yi kamar an zage shi.

“Ƙira? A makaranta?” in ji shi. “Ɗan kifi ya hau tudu neman mai koya masa iyo. Me na rage maka, Takwara?”

“Ba abin da ka rage, Baba. Akwai dai abin da nake son in gani.”

“To je ka gani. In ka ga wanda ya fi ni, ka gaishe shi.”

Ya tafi. Duk hutu in ya dawo sai ya zo da zane-zane a manyan takardu, da labarin injin da ke dukan ƙarfe da kansa, da wutar gas da ba ta buƙatar zugazugi. Baba yana jin sa yana aiki, ba ya ɗagowa. Amma na sha ganin in yaron ya fita, yakan jawo takardar da bakin awartaki ya daɗe yana dubawa.

Rigimar da ta raba su na wani lokaci, a kan tulin ƙarafan bayan maƙera ta tashi. Duk wanda ya san maƙera ta ƙauye ya san irin tulin nan: tsoffin ruwan garma da na fartanya da suka cinye, sun yi ja da tsatsa, ciyawa ta fito a tsakaninsu. Baƙo zai ɗauka shara ce. A wurin Baba kuwa kowane guntu da mai shi. In garmar mutum ta cinye, ba ya yar da ita, nan yake barin ta. Wata shekarar Baba ya fitar masa da fartanya daga cikinta. In ita ma ta cinye ta zama lauje ko wuƙa, ƙarshe ta koma basilla. Akwai gidan da ƙarfen da kakansu ya yi huɗa da shi, da shi jikanyarsa ke yanka alayyahu yau. Ba a rubuta ko'ina ba, ba a sa alama. Baba ya san su kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

Takwara ya tashi a wurin, amma a gaban wuta ya tashi, bai taɓa tambayar abin da ke bayanta ba. Da aka ba su aiki a makaranta cewa kowa ya ƙera wani abu da tsohon ƙarfe, sai ya zo ranar da kakansa ya tafi suna Tudun Wada, ya cika buhu da ruwan fartanyu, ya hau mota. Ya yi musu walda, ya tayar da karan dawa na ƙarfe wanda ya fi mutum tsayi, fartanyun suka zama ganye. Malamansa suka yaba. Ya dawo hutu da hoton a waya, bakinsa har kunne.

Ina tsakar gida ina tankaɗe na jiyo su ta kan katanga.

“Me take nomawa?” in ji Baba.

“Ba ta noma, Baba. Ta kallo ce.”

“Ta kallo. Da ƙarfen wa?”

“Na bayan nan ne fa. Tsatsa ce kawai ke cin su.”

“Tsatsar ma ta mai ita ce!”

Ban taɓa jin muryar Baba ta kai haka ba. Ya shiga lissafo masa gidaje: ta gidan liman, ta marayun gidan rini, ta wane da ya rasu bara wadda ɗansa ya ce a yi masa lauje da ita don tunawa. Ya ce shi fa amana ya ci yana zaune, ba tare da ya sani ba. Washegari ya sa yaron a gaba, gida-gida, yana tsaye a bayansa, yaron kuwa yana ba da haƙuri. Da yawa dariya suka yi, suka ce ai ba komai. Ɗan marigayin nan ne bai yi dariya ba. Ya ce ya yafe, amma idonsa ya kawo ruwa. Baba ya sayo sifirin mota ya ƙera wa kowa sabo, yana cewa sabo ba ya maye tsoho, sai dai a rage kunya. Har hutun ya ƙare bai amsa gaisuwar Takwara da fiye da “lafiya” ba.

Ni kuwa ina ciki ina ƙuna. Na ga yaron ya rame, abincinsa yana dawowa kusan yadda aka kai. Ba halin in kira shi in ce ya yi haƙuri. Abin da na iya shi ne in ƙara masa man shanu a tuwo in ba ƙanwarsa ta kai.

Daga nan ciwon Baba ya taso. Tari ne da farko, irin na wanda ya shekara da shekaru yana shaƙar hayaƙi, sai ƙafafu suka kumbura, sai numfashi ya riƙa yi masa wuya. Tunda tsohuwa, matarsa, ta riga shi rasuwa, jinyar a kaina ta faɗo, ni da yayar maigidana da muke ce wa Yaya, wadda take zuwa daga gidanta in ta samu sarari. Ba zan ce na yi ba gajiya ba, Allah Yana gani. Wanki, ɗumamen ruwa, kunun da za a dama a dawo da shi ba a sha ba, magani wannan kafin abinci wancan bayan abinci. Akwai ranakun da nake idar da salla ban san surar da na karanta ba. Shi kuma duk sanda ya ɗan ji dama sai ya lallaɓa maƙera, a dawo da shi yana haki.

Da abin ya ƙi, aka tura mu babban asibiti, a garin da jami'ar Takwara take. Muka tafi a motar haya, ni da Yaya da maigidana. Likita ya duba, ya ja maigidana gefe, na ga yadda fuskarsa ta sauya na gane sauran. Da muka fito Baba ya ce da direba, “Kai ni makarantar yaron nan. In ga inda aka kai kayan mutane.”

Yaya ta ce, “Haba Baba, da wannan jikin?”

“Da shi na zo duniya, da shi zan je.”

Takwara ya tare mu a bakin sashensu. Ya riƙe kakansa suka shiga wani dogon ɗaki mai rufin kwano, ƙara ta ko'ina. Na ga 'yan mata da samari cikin rigunan aiki. Na ga wata malama ta ɗaure mayafinta tam, ita da ɗalibi suna tsiyaya narkakkiyar tagulla kamar mai zuba kunu a kofi. Yaya ta kama haɓa ta ce, “Mace a bakin wuta? Yau na ga abin da ya isa.” Baba dai kallo yake yi.

Karan dawar yana tsaye a wata kusurwa. Baba ya matsa, ya ɗaga hannu yana taɓa ganyen ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi. Na san sunayen masu su yake kira. Da ya gama ya ce, “Waldarka ta yi kauri a nan.” Sannan ya ƙara da cewa, “Amma ta yi kama da dawa.” Takwara ya juya baya yana goge fuska da hannun riga.

Sai wani dattijon malami ya zo ya gaishe shi da girmamawa, ya ce akwai abin da yake so ya nuna masa a bayan ginin. Muka zagaya. Wani murhu ne na laka, dogo kamar ƙaramin rumbu, da ƙofofin iska a gindinsa, jikinsa ya yi baƙi. Malamin ya ce shi da ɗalibansa suka gina, bayan sun daɗe suna bin tsofaffi da kufai suna tambaya, don su gwada fitar da ƙarfe daga dutsen tama yadda magabata suke yi. Ya ce sun sha faɗuwa kafin su samu. Ya ɗauko wani dunƙule mai ƙuraje, baƙi, bai fi kan jariri ba, ya miƙa wa Baba.

Baba ya karɓa da hannu biyu. Sai kawai muka ga ya zauna a ƙasa, da babbar rigarsa ta zuwa asibiti.

Ya ce kakansa yana yin wannan aikin a duwatsun wajen Doguwa. Ya ce a zamanin mahaifinsa ƙarfen jirgi da na mota ya yawaita, aka bar tama, har ba wanda ya san yadda ake yi. Shi labari kawai ya ji, sai kuma kashin maƙera da suke tsinta a gona suna yara. Ya shiga tambayar malamin kamar ɗan makarantar allo: wace irin laka, gawayi kafin dutse ko dutse kafin gawayi, yaya ake gane ya nuna. Malamin na amsawa, in ya kakare sai ya ce, “Wannan mu ma har yanzu nema muke.” Takwara ma ya sa baki, don yana cikin waɗanda suka yi ta zuga wutar. Baba ya dube shi ya ce, “Kai ma da kai?” Ya ce e. Da ƙyar muka raba shi da dunƙulen nan.

A mota ya jingina da kujera har muka wuce Kwanar Dangora. Na ɗauka barci yake, sai na ga idonsa a buɗe.

Bayan 'yan kwanaki na kai masa kunu da la'asar. Na ajiye zan fita ya ce, “Uwar Takwara, zauna.” Ban taɓa zama a ɗakinsa ba sai don aiki. Na rakuɓe a bakin ƙofa.

“Abin da ya ɓace a gidanmu, can na tarar da shi,” in ji shi. “Ni guntun da ya rage na riƙe, na ɗauka shi ke nan duka. In na mutu za su ce yaron nan ya zauna a maƙera. Ƙanena zai faɗa, gari zai bi shi, mijinki zai yi shiru don ba ya son magana. Shi kuma yaron zai yarda, don yana ganin ya ɓata mini. Kar ki bari. Ya gama tukuna. In ya gama ya ga dama ya dawo, in bai dawo ba Allah Ya yi masa albarka a can.”

Na ce, “Baba, ni? Ka san fa matsayinsa a wurina. Ka faɗa wa babansa mana, ko Yaya.”

“Na san matsayinsa. Shi ya sa na zaɓe ki. Su in sun faɗa, magana ce. Ke in kika buɗe baki a kansa, kowa zai san ba ƙaramin abu ya buɗe shi ba.”

Ya sha kunun nan kurɓi biyu ya ture. Bai ƙara tayar da zancen ba har ya cika.

Yadda ya faɗa haka aka yi. Bayan addu'ar bakwai, ƙanen Baba, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, ya tara maza a zaure. Shi manomi ne, bai iya ƙira ba, amma yana jin ciwon a ce wutar gidansu ta mutu a idonsa, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce ga ruwa ya sauka, ga kayan mutane jingine, ga yaro Allah Ya ba shi hannu. Karatu ai ba ya ƙarewa, ya ajiye shi zuwa wani lokaci. Aka ce haka ne. Maigidana bai ce e ba, bai ce a'a ba. Washegari da safe na ji ƙarar masaba. Na ɗauka mafarki nake. Takwara ne ya hura wuta, alhali jarrabawarsu ta ƙarshen zango ta matso, abokansa sai kiran wayarsa suke yana kashewa.

Na sami maigidana na faɗa masa saƙon. Ya daɗe yana murza goshi, sannan ya ce, “Ke kika ji, ni ban ji ba. In na je wa Baba Ƙarami da wannan, cewa zai yi na fake da mamaci don in kashe sana'ar da na guje wa. Na gaji, ki bar ni.” Na je wa Yaya. Ta ce, “Tsoho a kan ciwo me ba ya faɗa? Ke dai so kike ɗanki ya zama ɗan birni. Kuma ki rufa wa kanki asiri, kar a ji ki.”

Na kwana biyu ina jin masabar nan tana sauka kamar a ƙirjina. Na yi istihara, na yi kuka a kan sallaya. A rana ta uku da hantsi na zura hijabi na fita. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka ƙofar maƙera ba. Akwai maza zaune a kan kututture suna jiran aiki, Baba Ƙarami na cikinsu. Da suka gan ni hira ta tsaya. Na durƙusa na gaishe su.

Takwara yana riƙe da fartanya ja a awartaki. Ya ɗago ya gan ni, ya kasa sauke masabar.

Na dube shi, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba, na ce, “Ka gama wadda ke hannunka, ka tashi ka haɗa kayanka. Gobe za ka koma makaranta.”

Baba Ƙarami ya ce, “Ikon Allah! Yau uwa ce a maƙera tana shari'ar ɗan fari? Ina kunyar ta tafi?”

Na ce, “Baba, tana nan, ita ce ma take neman kashe ni a tsugunen nan. Ba maganata ba ce. Saƙo aka bar mini, kuma ina tsoron ranar da za a tambaye ni.” Na faɗa musu abin da marigayi ya ce, ban ƙara ba ban rage ba, hawaye na zuba ban iya tsayar da su ba.

Wani dattijo cikin masu jira ya ce, “Wannan baiwar Allah tun da ta zo garin nan ban taɓa jin muryarta ba. Ba za ta fara da ƙarya ba.” Ya tashi ya zaro garmarsa daga cikin kayan da aka jingine ya saɓa. Baba Ƙarami ya kakkaɓe rigarsa ya shige gida.

Takwara ya ce, “Umma, da gaske ya ce haka? Ya yafe mini?”

Na ce, “Ƙarfenka na hucewa.” Na tashi na koma ciki. Ƙanwarsa na aika daga baya ta ce masa e.

Ya tafi da safe. Ya samu jarrabawar. Yanzu yana shekararsa ta ƙarshe, ban san ko zai dawo ƙauyen nan ba, kuma ban tambaye shi ba. An ja kyauren maƙera an sa sakata. Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, mutane sun yi nomansu da wahala, don sai sun je Kiru kafin a koɗa musu fartanya. Akwai matan da suka rage shigowa gidanmu. Baba Ƙarami yana amsa gaisuwata, amma a taƙaice. Da safe sai in tsinci kaina ina jiran ƙarar da za ta ce in ɗora koko, har rana ta ɗaga.

Maigidana bai taɓa ce mini na yi daidai ba, bai kuma ce na yi kuskure ba. Sai dai wata safiya na leƙa zaure na gan shi yana ɗaure fartanyun maƙwabta a bayan babur ɗinsa. Ya ce in an tambaya, duk mai gyara ya kawo kafin ya fita, zai kai wa wani maƙeri kusa da shagonsa ya dawo da su da yamma. Tun daga ranar kullum haka yake yi, ba ya karɓar ko sisin mai. Ina jin ƙarafan suna karo da juna a bayansa har ya sha kwana.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo Maka da hannuwa masu tabo. Ya rayu a bakin wuta yana neman halali, Ka nisanta shi daga wutar lahira. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna. Yaron da ya bar mini amanarsa Ka yi masa jagora, mu kuma da muka gaji Ka ba mu ƙarfin ƙarasawa da imani. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi wa Baba Ƙulhuwallahu ko ƙafa ɗaya ce. Amin.